Musayar baiti kan makarantar ƙauye: ɗaki guda, malam guda

Ɗan Tunga:
Kaka ya bar ganuwa da gatari,
Ya sari daji, ya tona rijiya.
Da tunga ta cika, En'e ta aiko:
A ba da yara, ko a sha wuya.
Ɗaki guda, malam guda, aji huɗu,
Baba na rubutu da tsinken tsintsiya.

Na Birni:
Ɗan Tunga, faɗi duka, kar ka rage,
Ran ɗibar yara rumbu kuka nema.
Kun ɓoye naku, kun tura maraya,
Yau shi ke ofis, ku ke riƙe da garma.

Ɗan Tunga:
Garmar da ka raina ita ke ba ka tuwo,
Harajinmu ya gina midil a garinku.
Tun 1909 Bature Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano,
Mu sai UPE, firamaren kyauta ta 1976, muka hau benci irin naku.

Gwaggon Yara:
Ayyururui! Ɗana ka gama magana. Na Birni, a nemi ruwa a sha.

Malam Mai Aruli:
Gwaggo, a dakata da guɗa. Ɗango na uku ya zarce 'yan'uwansa da ƙafa biyu, shekarun nan sun karya kari. Kuma "garinku" da "naku" amsa-amon raggo ne.

Gwaggon Yara:
Malam, da Na Birni ya yi ɗingishi a ɗangonsa na ƙarshe ba mu ji ka ba. Ko don unguwarku ɗaya?

Malam Mai Aruli:
Nasa ya zauna daram. Ki rera shi ki ji.

Na Birni:
Gwaggo ta zama 'yar amshin gurgu,
Baitinsa na jan ƙafa, tana tafi.
Ka mayar da waƙa littafin tarihi,
Ɗan Tunga, koma aji, wannan ya fi.

'Yar Maraɗi (bayan kwana biyu):
Kuna hwaɗan kari, ni ina tuna lakkwal,
Ajin zana da kara, rana bisa kai.
Mushe guda, ɗiya sun cika tabarma,
Iska ta taso, wuta ba ta da tausai.

Ku yi haƙuri da jinkiri, na kasa rubutu ne. A wurinmu lakkwal makaranta ce, mushe kuwa malami. A 2021 gobara ta ci azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilu, ta koma Maraɗi cikin Nuwamba, inda yara sama da 20 suka rasu. Ɗakin laka guda irin na su Ɗan Tunga, da shi suka samu.

Malam Mai Aruli:
Allah ya jiƙansu. Wannan baitin ba zan auna shi ba.

Ɗan Tunga:
'Yar'uwa, namu ma damina ta kayar,
Yara na gindin darbejiya da allo.
Malam na zuwa a keke daga nesa,
Na Birni, zo gobe ka yi kallo.