Neman kalmar Hausa ga lambar da manhajar rubuta kiɗa ke ɗorawa kan maimai

Assalamu alaikum malamai da ƴan'uwa. Mu da muke koyar da karatun kiɗa a nan Yamai, walau a gidajenmu ko a kusa da cibiyar horar da makaɗa ta Elhaji Taya da aka kafa a 1989, da Faransanci muka koyi wannan fanni, amma da Hausa muke yi wa yawancin ɗalibanmu bayani. Akwai wani ƙaramin abu a cikin manhajojin rubuta kiɗa irin su MuseScore da Dorico da LilyPond wanda nake so mu tsayar masa da suna guda, domin kowane malami da yadda yake kiransa.

Ga abin. Ana yanka rubutun kiɗa da gajerun layuka na tsaye, kuma kowane yanki yana ɗauke da adadin bugu iri ɗaya. Shi ne Faransawa ke kira mesure, masu Ingilishi kuma su ce bar ko measure. Idan mai ganga zai yi ta buga abu ɗaya babu sauyi, ba a sake rubuta masa shi. Ana rubuta yankin farko cikakke, sauran kuma a sa musu alama mai karkataccen layi da ɗigo biyu, mai kama da alamar kashi cikin ɗari, ma'anarta a sake na baya. Da yake ido yana ɓacewa a cikin jerin alamomi masu kama ɗaya, manhaja tana ɗora ƴar lamba a bisansu, sau da yawa bayan kowane huɗu, don makaɗi ya san inda ya kai. Sunan wannan lamba nake nema, sai dai ba za a same shi ba sai an fara daidaitawa a kan sunan yankin kansa.

Wani malami daga cikinmu ya riga ya faɗi ra'ayinsa a kan haka, bari in amsa masa. Malam, ka kawo shawarar a kira yankin gaɓa, kuma na fahimci dalilinka, tun da tsakanin layi da layi ya yi kama da gaɓar rake. Allah ya ƙara ilimi, amma ina da uzurin da ya hana ni karɓa. Masana harshe sun riga sun ba gaɓa aiki, ita ce gaɓar kalma, kuma a cikin waɗannan manhajoji gaɓa-gaɓa ake shigar da kalmomin waƙa a ƙarƙashin alamomin sauti. Malamin da zai ce wa ɗalibi ya sa gaɓa uku a cikin gaɓa ta biyar ya rikita yaron tun kafin a fara kiɗa. Ƙafa da ɗango da baiti su ma na masu nazarin rubutacciyar waƙa ne, bai kamata a kwashe musu ba. Awo kuwa fassarar kalmar Faransanci ce kai tsaye, kuma za mu buƙace shi ga lambobi biyun nan da ake rubutawa a farkon kiɗa, kamar huɗu bisa huɗu ko shida bisa takwas, waɗanda su ne ainihin awon.

Ni ɗaki nake so. Yanki ne mai iyaka biyu da ake zuba wa abu gwargwadon abin da zai ɗauka, kuma idan muka karɓe shi, layin tsayen ya zama bango ba tare da wata wahala ba. Jam'insa yana da sauƙi, kuma ɗalibi yana jin "koma ɗaki na goma sha bakwai" ya san abin da ake nufi. Wanda ke ɗauke da alamar nan sai mu ce masa ɗakin maimai.

Inda nake roƙon a fi natsuwa shi ne kan lambar. Da yawa daga cikinmu sun ce ƙidayar maimai, kuma da jin farko ya zauna daidai, amma yana karantar da kuskure. A Dorico da LilyPond, kamar yadda masu tsara takardun kiɗa suka saba, ɗakin da aka rubuta cikakke shi ne ɗaya, alamar farko kuma ita ce biyu. A ɗauka an rubuta kiɗan ganga a ɗaki na 17, aka jera alamomi daga na 18 zuwa na 32. Lamba 4 za ta hau kan ɗaki na 20, lamba 8 kan na 24, lamba 16 kan na 32. To, a ɗaki na 20 maimai uku kawai aka yi, ko da yake an buga abin sau huɗu. Yaron da aka gaya wa cewa maimai ake ƙirgawa zai fara daga alamar farko, ya ƙara ɗaki guda a lissafinsa, ya shiga sauyi a makare bayan ƴan amshi sun riga sun wuce. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ƙungiya ya san irin ɓarnar da ɗaki guda ke yi.

Saboda haka nake ba da shawarar lambar karo. Bahaushe yana cewa karo na farko, karo na biyu, kuma na farkon yana cikin lissafi tun asali, wanda shi ne daidai yadda manhajar ke ƙirgawa. Idan makaɗi ya ga 8, sai ya karanta karo na takwas, babu ragi babu ƙari. Sau ma yana da wannan ma'ana, amma ba ya tsayawa shi kaɗai a matsayin suna. Lambar sau ba ta kwanta a baki ba.

Wannan suna yana kuma raba ta da lambar ɗaki, wadda ke tafiya daga farkon kiɗa zuwa ƙarshensa, ita ce shugaban ƙungiya ke kira idan yana so a koma wani wuri. Lambar karo kuwa tana sake farawa daga ɗaya duk lokacin da aka shiga sabon jeri. Alamar komawa baya mai bango biyu da ɗigo biyu, wadda ke mayar da makaɗi farkon sashe gaba ɗaya, wani abu ne dabam, kuma ina ganin alamar komawa ta ishe ta suna.

Masu sa kai ne ke fassara MuseScore zuwa harsuna ta dandalin Transifex, don haka abin da muka tsayar yana iya shiga cikin manhajar wata rana. Umurnin zai iya zama "Sa lambar karo a ɗakunan maimai", na ƙarƙashinsa kuma "Nuna ta bayan kowane ɗaki huɗu". Malam, ina roƙonka ka gwada waɗannan jimloli biyu da ɗalibanka na Tawa, musamman waɗanda ba su yi Faransanci mai zurfi ba, ka ga ko za su fara ƙirgen daga rubutaccen ɗaki ba tare da an tuna musu ba.