Muhawara: Hayar kaset ko turin waya, wanne ya fi biyan mai kallo kuɗinsa?

Mai kula da zaure:
Assalamu alaikum. Batunmu na yau ya taso ne daga maganar da Kawu, wanda ya daɗe yana riƙe da shagon hayar kaset a ɓangaren Gumel, ya yi cewa fim ɗin da ake haya a da ya fi biyan mai kallo kuɗinsa a kan wanda ake tura wa mutane a waya yanzu. Wasu sun yarda, wasu sun ce sam. Kowa ya kawo hujjarsa cikin mutunci. Kawu, bismillah.

Kawu, tsohon mai shagon haya:
Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana. Tun da aka fara sayar da fim ɗin Hausa na bidiyo a Kano a 1990, har zuwa lokacin da faifan CD ya kori kaset, mai haya yana da wanda zai tuhuma idan bai ji daɗin abin da ya ɗauka ba. Ni da kaina nake zuwa wurin dilolin Ƙofar Wambai ko Bata a Kano in saro, kuma ba na ɗora kaset a kan kanta sai na kalle shi daga farko har ƙarshe, domin na san idan na ba magidanci abin da zai sa ya ji kunya a gaban iyalinsa, gobe ba zai aiko yaronsa wurina ba. Kaset ɗaya zai zaga gidaje da yawa kafin ya mayar mini da kuɗina, don haka dole in zaɓi mai kyau. Shi kuma mai haya ya san kwana ɗaya aka ba shi, sai ya tara gida, a zuba mai a janareta, a zauna a kalla da natsuwa, washegari idan yaro ya dawo da kaset in tambaye shi abin da aka ce a gida. A yau kuwa ana zuba wa mutum fina-finai goma a memori, bai san sunan rabinsu ba, wanda ya zuba masa ma bai kalla ba.

Mai shagon turi da cajin waya:
Kawu, da girmanka, ban yarda da cewa ba ma kallon abin da muke turawa ba. Mu ma kasuwarmu a kan amana take. Ranar Alhamis idan mutanen ƙauyuka sun dawo daga kasuwar Maigatari, wanda ya miƙo mini memorinsa tambayarsa ta farko ita ce wanne ne mai ma'ana, kuma idan na cuce shi sau ɗaya, akwai masu turi uku a layin da nake. Abin da nake so a tuna shi ne zamanin faifai ma yana da tasa cutar. A lokacin ne aka saba raba labari ɗaya zuwa kashi na ɗaya da na biyu, sannan na uku da na huɗu, mutum ya biya haya sau biyu ko fiye kafin ya ga ƙarshen abin da bai kai a raba shi ba. A lokacin ne kuma ake cika farkon faifai da tallar fina-finai masu zuwa, a nuna waƙa da rawa masu ɗaukar hankali, idan fim ɗin ya fito a tarar labarin bai taka kara ya karya ba. Ga faifan da ya karce, ana tsakiyar kallo ya tsaya cak. Yanzu da ɗan abin da bai kai kuɗin kofin shayi ba mutum zai samu abin kallo na mako guda, idan bai yi masa ba ya goge.

Kawu:
Ɗana, wannan kalmar taka ta ƙarshe ita ce damuwata. Idan gogewa ta zama abu mai sauƙi haka, babu wanda zai tsaya ya ce wannan fim ya yi, wannan bai yi ba, balle maganar ta koma kunnen masu shiryawa.

Malama, mai koyarwa a Islamiyyar matan aure:
Ina neman izini in sa baki, domin duk ku biyun kuna magana ne ta wajen maza, alhali mafi yawan masu kallon nan mata ne a cikin gida. Kawu, gaskiya ne kana zaɓe, amma zaɓin naka ne, ba namu ba. Matar da ba ta fita sai ta aiki yaro, abin da ya kawo shi za ta karɓa, sannan sai ta jira maigida ya yarda a tayar da janareta, in gidan ma akwai bidiyo ke nan, in babu sai a taru a gidan maƙwabta. Waya ta kawo mana sauƙi ta wannan fuska, ba zan ɓoye ba. Amma wajen auna ko abin ya biya kuɗinsa, ina ganin kuɗin turi shi ne mafi ƙanƙantar abin da mace take biya. Tana biyan kuɗin caji, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 masu caji da janareta suka ƙara kuɗi. Sama da wannan tana biya da lokacinta. Na ga matar da ke saƙar hula da hannu, wadda a da take gama hula cikin lokacin da ta saba, ta shiga bin wani shiri mai dogon zango, zare da allura suna kan cinyarta, ido yana kan waya, har mai hula ya gaji da aike. Fim ɗin kaset dai, komai rashin kyansa, yana da ƙarshe. Waɗannan kuwa zango yana bin zango, shekara ta zagayo ba a warware rikicin da aka ƙulla a farko ba.

Ɗalibi daga Dutse:
Malama ta taɓo inda gizo ke saƙar, kuma ina so in yi bayanin dalilin tsawon nan, domin ba haka kawai masu shiryawa suka ga dama ba. A zamanin Kawu, furodusa yana samun kuɗinsa ne daga 'yan kasuwar da suke buga kaset ko faifai su sayar, saboda haka ribarsa tana rataye da yawan kwafin da aka saya. Da turi ya yawaita, kwafi ɗaya ya isa gari guda, sai kasuwar faifai ta durƙushe. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da shiri mai zuwa mako-mako, daga baya masu shiryawa da yawa suka koma YouTube. A can kuwa mai kallo ba ya biyan furodusa kai tsaye, talla ce ke biya, kuma bidiyon da ya kai minti takwas ana iya sa masa talla a tsakiya, don haka yawan kashi da tsawon zaman mai kallo su ne kuɗin shiga. Wanda abincinsa ke zuwa ta tsawaita labari ba zai yi gaggawar rufe shi ba. Ga kuma abin da ya shafe mu a karkara: wanda ya kalla ta hanyar turi ba ya cikin lissafin YouTube ko kaɗan, domin mai shago ya sauke sau ɗaya ne ya raba wa ɗaruruwa. Ke nan ra'ayin mutumin ƙauye ba ya isa ga furodusa ta kuɗi, ba ya isa ta lissafin masu kallo. A nan na ga gaskiyar Kawu, ko da yake ban yarda cewa fina-finan da duk sun fi na yanzu ba. Ta wajen hoto da sauti da tsara zance, an ci gaba sosai.

Mai shagon turi:
Ƙanina, ka faɗi gaskiya, amma ka ƙara da cewa ba don mu ba da yawancin mutanen nan ba za su ga komai ba. A wasu ƙauyukan sai an hau tudu ake samun sabis, kuma a farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Manomin da ke lissafin kuɗin taki ba zai sayi data ya kalli awa guda a intanet ba.

Malam, limamin masallacin unguwa:
Na bi bayananku, kuma ina ganin an haɗa tambayoyi biyu da ya kamata a raba. Ta farko ita ce haƙƙin mai haya a kan mai shago. A fiƙihu haya ciniki ce a kan amfani sananne na lokaci sananne, don haka idan kaset ya tsinke, ko faifai ya ƙi yi, ko abin da aka tura ya ƙi buɗewa, wannan aibi ne a cikin abin da aka biya, kuma mai shago ya canza ko ya mayar da kuɗi. Amma idan abu ya yi aiki daidai, labarin ne kawai bai gamsar ba, babu bashi a kan mai shago, sai fa idan ya yabi abin da ya san ba haka yake ba don ya karɓi kuɗi, wanda wannan algus ne. Tambaya ta biyu ita ce haƙƙin wanda ya kashe dukiyarsa ya shirya fim ɗin. Ɗana mai turi, ina tambayarka tsakani da Allah, daga abin da kake karɓa akwai abin da ke komawa ga masu shi? Ita ma wannan tambayar ta hau kan Kawu, domin sayen kaset ɗaya a ba da hayarsa sau hamsin bai zama lalle da yardar mai shi ba. Sannan kada a ɗauka cewa duk abin da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sa wa hannu ya zama mai amfani. Aikinta duba abin da ya saɓa wa addini da al'ada ne, ba ta yi wa kowa alƙawarin labari mai ma'ana ba. Wannan hukuncin yana wuyan maigida da uwargida.

Mai shagon turi:
Allah ya gafarta Malam, tambayar ta yi nauyi, kuma zan amsa iya sanina. Akwai sababbin fina-finan da muke saya daga hannun wakilan masu su kafin mu tura, akwai kuma waɗanda muke saukewa daga inda masu su suka sa kyauta. Na biyun nan ne ban san matsayinsa ba, tunda sun sa shi ne don a kalla a can su samu kuɗin talla, ni kuma na ɗauke masu kallon.

Kawu:
Malam, na karɓi gyara a kan haya, domin a lokacinmu ba mu taɓa tambayar yardar kowa ba. Amma ban janye maganata ta farko ba. Malama ta ce zaɓin nawa ne, haka ne, sai dai idan na zaɓa ba daidai ba ana zuwa har shago a faɗa mini, ni kuma in faɗa wa dilan da na saro a wurinsa a Kano, shi kuma yana zaune da furodusa a kasuwa ɗaya.

Malama:
To Kawu, ai ƙorafin maza ne ke isa shagonka, namu a tsakar gida yake tsayawa. Ni shawarata ga mai turi ita ce, kafin ya zuba wa mace shiri mai dogon zango, ya gaya wa ɗan aiken ko labarin ya ƙare ko bai ƙare ba, da yawan kashin da ya rage, domin ta san abin da za ta shiga tun kafin ta fara.

Mai shagon turi:
Wannan mai yiwuwa ne, Malama, zan fara daga kasuwar wannan makon. Amsar Malam a kan abin da muke saukewa kyauta nake jira.