Musayar waƙa: Ingal, garin lasar gishiri

Ɗan Ingal:
Ingal garina, ga dabino ga inuwa,
Watan Satumba nan ake yin haɗuwa,
Buzu bisa raƙumi, Bororo na tahowa,
Shanu su lashi gishiri su sam murmurewa.

Ɗan Tawa:
Kai mai kirari, tsaya ka amsa tambaya,
Kwaltar Agadas ta wuce, ta bar ku a baya,
Mako guda kuke gari, baƙi su juya,
Sauran watanni sai iska da ƙura da ƙaya.

Ɗan Ingal:
Kwalta ta kauce, rijiya ba ta kauce ba,
Ɗan Tawa, albasa ka sani, ba kiwo ba,
Faransa ta yi mana kisa a 1917 bayan yaƙin Kaosan, jagoran Buzaye, ba mu watse ba,
Farin 1973 ya ci garke, bai ci garin ba.

Malam Mai Karin Waƙa:
Ɗan Ingal, ɗangonka na uku ya fi igiyar guga tsawo. Kuma amsa-amo da "ba" ai ko ɗan yaye ya iya.

Inna Mai Nono:
Malam, a bar mini yaro. Kai ƙafa kake ƙirgawa, shi mutanensa yake tunawa. Allah ya yi maka albarka, ɗana.

Ni na ga farin 1984 da idona,
Saniya ta durƙusa, muka tallafe ta da sanduna,
Ta miƙe, ta sake faɗi a tsakar rana,
Fatarta kaɗai muka kai kasuwa, ni da mijina.

Malam Mai Karin Waƙa:
Inna, naki ya zauna daram. Da na ɗanki nake.

Ɗan Tawa:
A gafarce ni, kwana biyu wayata ba caji.

Inna, na rusuna, ba da ke nake ba,
Amma ɗanki bai amsa abin da ke cina ba:
Tun 2014 samari suka bi zinarin Jado,
Wa zai ja guga in raƙuma sun gangaro?

Malam Mai Karin Waƙa:
Kai ma "ba"? Kuma "Jado" da "gangaro" ba su haɗu ba.

Ɗan Ingal:
Ƙanena ya je Jado, ya dawo da tari,
Kuɗin ya sa a raƙuma biyu da ɗan maraƙi fari,
Jiya ya ɗauko gishirin Tegidda buhu guda,
Malam, ƙirga wannan, ni na tafi shayar da su.