A wace ƙwaya tiyar Baffa ta daina cika?

Ɗan_Gumel:
Assalamu alaikum. Ranar Alhamis ina taya Baffana awon gero a kasuwar Maigatari, wata tsohuwa ta ce tiyar ba ta cika ba, shi kuma ya rantse har tozo ta yi. Na tsinci ƙwaya ɗaya na ce, "Baffa, yanzu fa?" Ya ce a cike take. Na sake tsinta, a cike take. A ta biyar ya ɗaga min mara, ya ce in ba shi wuri. Ƙwaya ɗaya ba ta rage tiya, amma in na ci gaba sai na ga gindin kwano. To a wace ƙwaya maganarsa za ta tashi daga gaskiya ta koma ƙarya?

Hadiza_Kazaure:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, wani Bagirke, Yubulidis, ya riga ka yin wannan tambaya da fiye da shekara 2,000, shi da tsibin hatsi ya yi misali. A 1965 Lotfi Zadeh, haifaffen Baku, babban birnin Azarbaijan, da ke koyarwa a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, ya kawo tushen abin da ake kira fazi lojik: maimakon e ko a'a, a ba magana maki tsakanin 0 da 1. Tiya mai tozo 1 ce, wadda aka shafe bakinta a ce 0.8, kowace ƙwaya kuma da ɗan abin da take ragewa. Da irin lissafin nan aka sarrafa gudu da birkin jirgin ƙasan birnin Sendai na Japan a 1987.

Malam_Sule_Ringim:
Ban yarda ba. A zaure da muka karanta mandiƙi, wato ilimin auna hujja, magana da korewarta ba sa haɗuwa, ba sa kuma gushewa tare. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Kalmar "cika" ce ba a yi wa iyaka ba. Ku ɗora a sikeli a huta.

Hadiza_Kazaure:
Allah ya gafarta Malam, sikelin ma mutum ne zai yanke inda cika ta tsaya. In an rasa giram ɗaya, Baffa ya zama maƙaryaci ke nan? Kuma 0.8 ɗin ba shakka ba ce, tiyar tana gabanmu muna kallonta.

Malam_Sule_Ringim:
To wa ya yanke 0.8 ɗin? Ba mutum ba?

Ɗan_Gumel:
Nan kam Malam ya kama ki, Yaya. Ita dai tsohuwar, sai da Baffa ya yi mata gyara da tafi guda sannan ta ɗaure bakin buhunta.