Hunturu ya shigo, mesata ta kasa saɓa: ya zan ɗumama akwatinta ba tare da iska ta bushe ba?

Ɗan Malali:

Assalamu alaikum jama'a. Ina kiwon ƙaramar mesa, irin wadda in ta tsorata take dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiyar jikinta. Ba ta da dafi. Shekararta biyu a hannuna, tsawonta ya ɗan haura mita ɗaya, kuma tana cikin akwatin gilashi mai murfin raga.

Da damina ban taɓa samun matsala ba. Amma tun da hunturu ya kankama, in na tashi sallar asuba sai in ga ma'aunin ɗakin yana nuna digiri 17. Sai na ɗora ƙwan lantarki mai wat 60 a kan ragar. Ɗumi ya samu, ƙarƙashin ƙwan ya kai 31, to amma laimar cikin akwatin ta faɗo daga kashi 60 zuwa 22. Ina fesa ruwa safe da yamma, kafin awa ɗaya ya bushe ƙayau kamar ba a fesa ba.

Shekaranjiya ta yi saɓa. A da saɓar kan fito a haɗe kamar an tuɓe safa, wannan karon sai ta fito guntu-guntu kamar ɓawon albasa. Har yanzu akwai saura a kan idonta na hagu da bakin wutsiya. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don ni na sa ta a akwati, haƙƙinta yana wuyana. In na kashe ƙwan sanyi ya kama ta, in na kunna iska ta bushe. Ga shi wuta kan ɗauke tsakar dare. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Malamin Kimiyya, Kawo:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙwan bai shanye ruwan ba, ka fahimci wannan tukuna. Iska in ta yi zafi cikinta ne yake ƙara faɗi. A digiri 15 mita ɗaya ta iska, tsawo da faɗi da tsayi, tana iya riƙe tururi kamar giram 13. A digiri 30 tana riƙe kamar giram 30. Kenan in ka ɗumama iskar hunturu, wadda dama busasshiya ta taso daga Sahara, ba tare da ka ƙara mata ruwa ba, laimarta za ta faɗi ƙasa da rabi. Sannan iska mai zafi sama take yi. Ta kwashi ɗan abin da ka fesa ta fice ta ragar, busasshiya ta shigo ta maye gurbinta. Murfinka ne ɓarawon.

Wannan mesar 'yar Afirka ta Yamma ce, daga Ghana da Togo da Benin ake yawan fitar da ita zuwa Turai da Amurka, akwai ta a Najeriya ma. Ka tambayi kanka, ya take yi da rani a daji? Ba ta kwana a fili. Ramin ɓera take shiga ko tsohon suri, inda ƙasa ke riƙe ɗumi da danshi ko da waje ya bushe. Abin da za ka gina mata kenan. Ka rufe kashi uku cikin huɗu na ragar da faranti, nesa da ƙwan, ka bar kafar shan iska. Ka manna kwali a bayan gilashin da gefe biyu, don gilashi ba ya riƙe zafi sosai.

Hajiya Mai Kaji, Rigasa:

Ɗana, ni ban san maciji ba, kuma gaskiya ba zan iya zama ɗaki ɗaya da shi ba. Amma shekara goma sha ɗaya ina rainon 'yan tsaki a cikin hunturun garin nan, na san wahalar ɗumama dabba.

Abu ɗaya na shigo in roƙe ka. In wuta ta ɗauke, kada ka kuskura ka shigar da kaskon gawayi ɗakin ka rufe ƙofa. Na taɓa yi, da safe na kwashi 'yan tsaki matattu a kwando, ni kaina na wuni kaina kamar zai tsage. Hayaƙin gawayi mai kisan ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Ka cika gorar roba da ruwan zafi, ba tafasasshe ba, ka naɗe ta da tawul, ka jingina ta a jikin gilashin ta waje, ka lulluɓe akwatin da bargo ka bar ɗan wurin iska. Za ta kai ka asuba. Kuma ɗumin ya zama gefe guda, yadda in ya ishe ta za ta matsa. Haka muke yi wa tsaki.

Mai Mesa, Barnawa:

Maganar Malam da ta Hajiya duk haka suke. Ina da irin taka guda biyu, bari in ƙara abin da na gani da idona.

Ka daina dogaro da feshi. Yana jiƙa saman shimfiɗa ne kawai, macijin ya kwanta a kan jiƙaƙƙen wuri, ɓawon cikinsa ya fara ja yana ruɓewa, iskar kuwa tana nan a bushe. Ka samo ɓawon kwakwa wurin masu sayar da kwakwa, ka yayyanka ƙanana, ka wanke da ruwan zafi, ka zuba mai kauri kamar faɗin tafin hannu. Ruwa kuma ka riƙa tsiyaya shi a kusurwoyi yana gangarawa ƙasa: ƙasan da danshi, saman a bushe. Kada ka kwaso garin katako a wurin kafintoci, ba ka san icen da aka yanka ba, wani mansa yana cutar da huhunta.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne tukunyar ƙasa. Ka sayi ƙarama, ka fasa mata ƙofa a baki, ka goge kaifin da dutse, ka jiƙa ta ka kife a gefen ɗumi, ka sa ɓawon kwakwa mai danshi a ciki. Yadda randa ke tsattsafo da ruwa, haka za ta riƙa sakin laima a hankali. Nawa da kansu suke shigewa in idonsu ya fara yin fari-fari, alamar saɓa ta kusa. Kwanon ruwa kuma ya zama mai faɗi, ka matso da shi kusa da ɗumin.

Abin da kake nema: gefen ɗumi 31 zuwa 32, gefen sanyi 25 zuwa 27, laima 55 zuwa 65, lokacin saɓa ta kai 70. Ƙwan mai haske kuwa ka bar shi da rana kawai, dabbar dare ce, haske har asuba yana takura ta. Da dare ni tabarmar ɗumi nake mannawa a ƙasan gilashin ta waje, wat 20 take ci, batirin sola yana riƙe ta har gari ya waye. Sai dai kada ka jona ta sai da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai iyaka. Maciji kan kwanta a kan abu mai zafi har ya ƙone bai tashi ba.

Batun ido, don Allah kada ka ɓamɓare da farce ko hantsaki, kana iya tsiyayar da idon. Ka sa ta cikin roba mai huji da tawul jiƙaƙƙe mai ɗumi, kamar digiri 28, minti ashirin zuwa talatin, ta goga jikinta da kanta. Na wutsiya ya fi gaggawa, don in ya bushe yana shaƙe wurin kamar zobe har jini ya daina kaiwa. In ka ji tana shessheƙa, ko ka ga kumfa a bakinta, ko tana ɗaga kai baki buɗe, wannan ya wuce dabarar gida. Ka nemi likitan dabbobi, ko ka kama hanyar Zariya, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Kuma kada ka ba ta abinci sai ɗumin ya daidaita, cikinta ba ya narkarwa a sanyi.

Ɗan Malali:

Allah ya saka muku da alheri. Yau kwana biyar. Na rufe ragar, na zuba ɓawon kwakwa, na kife tukunya. Laima ta tsaya tsakanin 58 da 63 ko da tsakar rana. Na wutsiyar ya fita a tawul tun karo na biyu. Na idon yana nan, ban taɓa shi ba, ya dai yi laushi, ina jiran saɓa ta gaba.

Hajiya, daren jiya wuta ta ɗauke ƙarfe ɗaya, na yi dabarar gorar, da asuba na tarar da 26 a gefen. Na je Panteka na yi magana da wani kafinta zai haɗa mini akwatin katako mai ƙofar gilashi a gaba. Mai Mesa, huji nawa zan ce ya yi, kuma a sama ko a ƙasa?