Giyar Keke Mai Giya Ɗaya a Ƙasa Mai Tuddai

Da mahaya keke suka tattauna batun giyar da ta dace da keke mai giya ɗaya a ƙasa mai tuddai, bakinsu ya zo ɗaya: a zaɓi giya don hawan da aka fi bi kullum. Haƙora 46 a faifan sarƙa na gaba da 16 a na baya na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne; a tudu sai ka miƙe kan feda, gwiwa na ciwo. Yawancinsu sun fi son 42 da 18, kuma ina tare da su, domin lafiyar gwiwa ta fi gudu muhimmanci.

Wasu sun ce ƙafa za ta riƙa juyawa a banza a gangara. Haka ne, amma mai firiwil (abin da ke barin taya ta juya ko ba a taka feda ba) sai ya saki feda kawai.

In za a gwada, a fara sauya na baya: ƙarin haƙori ɗaya a can ya fi tasiri. Daga nan a duba tsaurin sarƙa.