Sun zo sun cike fom a kan yaranmu, me ya biyo baya?

Maman Ummi, Agege

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Jiya an sake kiranmu makarantar su Ummi, aka ce masu bincike sun zo. Karo na uku ke nan tun da na sa ta. Ga waɗanda ba su san mu ba, Ummi shekararta 9. Sanƙarau ya kama ta tana 'yar shekara biyu, lokacin da muka je ganin gida da bazara. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ji ya tafi. Yanzu tana ajin masu buƙata ta musamman da gwamnatin Legas ta buɗe a cikin wata firamare, danfo biyu daga gidanmu.

Wata budurwa ce ta zauna da ni, mai ladabi, da babbar waya a hannunta tana dannawa. Tana tambaya da Turanci, malamar ajin tana juya min zuwa buroka, ina amsa iya abin da na gane. Da aka zo kan yaren da ake yi wa yarinya a gida sai na ce da hannu muke magana. Ta ce babu wannan a ciki, in faɗi yarenmu. Na ce Hausa, ta danna Hausa. Ummi tana zaune kusa da ni tana kallon bakina, yarinyar da rabon kunnenta da Hausa shekara bakwai. Wallahi abin ya tsaya min a rai har na koma gida.

Rabin yini na rufe keken ɗinkina saboda wannan. Ba ƙyashin lokacin nake ba, in dai zai amfane ta. An ce mana gwamnati ce ke ba da kuɗin irin wannan aiki. To wa ya taɓa cike irin fom ɗin nan a cikinku, kuma me ya gani daga baya? Ni dai na biyun farko har yau ko takarda ɗaya ba a dawo mana da ita ba.

Malamin kurame, Mushin

Wa alaikumus salam Maman Ummi, Allah ya raya ta ya yi mata albarka. Shekarata 12 a wannan aiki, a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta masu buƙata ta musamman da ke garin Oyo na yi karatu, wadda aka kafa a 1977. Bari in fara da kuɗin, tunda shi kika tambaya.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin matakin farko, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A cikin wannan kason, kashi 2 cikin 100 ne rabon yara masu buƙata ta musamman. Ki lissafa: a kowace naira dubu goma, UBEC ta ɗauki ɗari biyu, yaranmu su samu naira huɗu. Naira huɗun nan ce za a raba wa jihohi 36 da Abuja, kuma kayan aji da gyaran makarantu ake yi da ita. Kuɗin bincike hanyarsa daban. Mafi girma shi ne na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, wanda ke fitowa daga harajin da ake ɗora wa kamfanoni. Malaman jami'o'i da kwalejojin gwamnati ne ke rubuta buƙata, kuma mai son ya yi nazarin kurame sai ya yi takara da mai nazarin noma da mai nazarin magunguna. Ga kuma ɗalibai masu neman digiri, waɗanda da yawansu daga aljihunsu suke yi. Saboda haka ba kowane mai fom ne ya zo da kuɗin gwamnati ba.

Amma abin da ya faru da ke a kan tambayar yare shi ne ainihin ciwon. Alamomin hannun da muke koyarwa a aji asalinsu na kuramen Amurka ne. Wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, Andrew Foster, shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, daga nan tsarin ya bazu, da haruffan Turanci da komai. Mu kuwa a arewa kuramenmu suna da tasu maganar hannu tun kafin nan, wadda ake yi a kasuwa da majalisa, har masu ji da yawa sun iya ta. Yaron Bahaushe a Legas yakan zo aji da guntun wannan, haɗe da alamomin da shi da uwarsa suka ƙirƙira a tsakar gida.

Bara waccan aka kawo mana wani yaro ɗan shekara 10. Wata biyu yana zaune a bayan aji, har an rubuta a takardarsa cewa ƙwaƙwalwarsa ma da matsala. Wata rana lokacin tara na gan shi yana shafa haɓarsa, sannan ya yi kamar mai murza sitiyari, ya nuna nesa. Na mayar masa da hannu irin na gida: babanka direba ne, ya yi tafiya? Yaron nan ya miƙe tsaye, ya riƙe rigata, ya dinga zuba min labari da hannu har aka buga ƙararrawa. Ashe yana da magana cike da ciki, mai sauraro ne babu. Yau yana cikin na gaba-gaba a lissafi.

In da ni ake tambaya inda za a sa kuɗin bincike, ga shi: a gano yaran Hausawa kurame nawa ne a Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, a wace shekara ake kawo su makaranta, kuma a gwada a gani ko farawa da maganar hannun da suka zo da ita na saurin kai su ga karatu. Ni na ga amsar a kan yaro ɗaya, amma shaidar malami ɗaya ba ta sauya manhaja.

Baban Khalifa, Mile 12

Ni ba wanda ya taɓa zuwa min da fom, sai dai in ba ku nawa labarin. Albasa nake sayarwa. Ƙyanda ta taɓa idon Khalifa yana ɗan shekara uku. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta ce a mayar mata da shi gida, ai makaho ba ya rasa abinci. Na san abin da hakan ke nufi, kwano da ɗan jagora. Wata Bayarabiya da ke sarin albasa a wurina ce ta gaya min akwai makarantar makafi a Surulere, Pacelli, ta 'yan Katolika, tun 1962 take. Na yi wata uku ina juya abin a raina saboda addini. Limaminmu ya ce min ilimi kayan mumini ne da ya ɓace, in kai shi, in kuma tsaya a kan karatunsa na Alƙur'ani da kaina. Haka na yi.

Hutun farko da ya dawo ya fito da wani ɗan allo mai ramuka da tsinke mai kan ƙarfe. Ya sa takarda mai kauri a ciki ya fara hudawa, ƙyas ƙyas ƙyas, daga dama zuwa hagu kamar mai rubutun allo. Sannan ya juya takardar ya bi da yatsa daga hagu, ya karanta min sunana. Ɗigo shida ne kawai ake jujjuyawa su ba da kowane harafi. Na tashi na shiga ɗaki don kada ya ji muryata ta canza.

Yanzu shekararsa 15. Tun 2017 JAMB ta ware wa makafi nasu tsarin jarrabawa da cibiyoyi na daban, har da nan Legas, kuma can ya sa ido. Abin da ke ba mu wahala takardar rubutun ce, tana da tsada ba a kuma samunta a ko'ina. Littafin Hausa na rubutun makafi kuwa ban taɓa riƙe shi a hannuna ba. In masu binciken suna karanta wannan, su rubuta shi.

Maman Hanifa, Idi-Araba

Yaya Maman Ummi, ni sau ɗaya na cike, kuma tawa matsalar ta sha bamban. Hanifa shawara ce ta kama ta a satin haihuwa. Manya suka ce a dinga shanya ta a hantsi. Kafin mu kai ta asibiti abin ya taɓa ƙwaƙwalwa, likita ya ce da an kawo ta da wuri da an sa ta a ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske. Ina faɗa ne don masu jego, idon jariri ya yi rawaya kada a jira kwanan suna.

Shekararta 7, ba ta tafiya, maganarta a hankali take fita. A unguwa na ji mai ce mata 'yar ruwa, na ji mai cewa galahanga, kowace lalura suna ɗaya ake ba ta. Da za a sa ta makaranta sai aka ce sai an gwada fahimtarta. Matar ta ɗaga hoton kofi ta tambaye ta da Turanci. Hanifa ta buɗe baki da ƙyar ta ce moɗa. Aka ɗaga hoton akuya, ta ce akuya. Duk aka sa mata kuskure, ina zaune ina cewa ai daidai ta faɗa. Matar ta ce ita abin da ke cikin takarda take bi. A kan wannan sakamakon aka ajiye ta ajin da ba a koyar da komai sai waƙa da tafi. Shin a duk kuɗin binciken nan ba za a iya fitar da gwaji da Hausa ba?

Ga zirga-zirga. Babanta ɗan acaɓa ne, da shi ke kai mu. Tun da aka hana acaɓa a yankinmu a 2022 sai goyo, yarinya 'yar shekara bakwai a bayana har bakin titi. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ita Legas ma tana da tata dokar tun 2011, da ofishin LASODA mai kula da al'amuran nakasassu. Amma banɗakin makarantarsu matakala uku ne, sai na bar abin da nake yi na je da rana na ɗaga ta.

Ɗalibar digiri na biyu, Yaba

Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, domin ni ma na taɓa zama mai riƙe fom ɗin. Bincikena a kan iyayen yara masu lalura ne a unguwannin Hausawa, kuma ko sisin gwamnati babu a ciki, albashina na koyarwa da taimakon yayana ne. Gida 60 na yi niyyar shiga, 23 suka buɗe min ƙofa. Wasu sun ɗauka ni 'yar leƙen asirin masu kamen mabarata ce. Wani uba ya rantse min ba shi da yaro mai lalura, alhali ina jin motsin yaron a bayan labule. Ban ga laifinsa ba, tsoro ne da kunya. Sai dai yaron da aka ɓoye ba ya shiga lissafi, kuma da lissafi ake yanka kasafi.

Laifin da ke kanmu kuwa na yarda da shi. Na gama, aka ɗaure kundin da baƙin bango, aka ajiye a ɗakin karatu, da Turancin da ko ɗaya daga cikin iyayen nan 23 ba zai karanta ba. Ban koma na gaya musu abin da na samu ba. Maganar Maman Ummi ta sa na ji nauyin hakan yau. A ganina duk wanda gwamnati za ta ba kuɗin bincike, a sa masa sharaɗin komawa wurin mutanen da ya tambaya ya yi musu bayani da yarensu. Kuma ku sani haƙƙinku ne, kafin ku amsa komai, ku tambayi mai fom daga ina yake, wa ya biya kuɗin aikin, da lambar da za ku neme shi.

Kawu na Okobaba, Ebute Metta

'Yata ɗaliba, Allah ya yi miki albarka da kika faɗi gaskiya. Ni shan inna ce ta kama ni tun ina yaro, a kan keke nake. Mu nan an ɗauke mu hoto har mun gaji. Abin da nake so ku ƙara a takardunku shi ne yaran da lafiyarsu ƙalau amma su ne jagororin iyayensu makafi, ko masu tura keken iyayensu. Safiya ta yi, sa'o'insu na tafiya makaranta, su suna kan gada riƙe da sanda. Ba a lissafa su cikin nakasassu, ba a kuma ganinsu a aji. Nawa biyu na cire su daga turin keke na sa su firamare, na koma ina tura kaina da hannu.

Maman Ummi, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maman Hanifa, ki ajiye takardar sakamakon nan kada ta ɓace. Ƙanwata ɗaliba, in da gaske kike, mu iyaye shida ne Hausawa a ajin su Ummi, za mu iya haɗuwa a gidana ranar Asabar bayan la'asar. Ki zo da kundin ki karanta mana shi da Hausa, ki kuma rubuta mana tambayoyin nan uku a takarda in riƙe a jakata.

Malam, in Allah ya ba ka iko kai ma ka zo. Akwai wata alama da Ummi ke yi min tun satin jiya, tana haɗa yatsun hannu biyu ta buɗe su a gaban ƙirjinta, a makaranta ta koyo ta. Na tambaye ta da namu hannun na gida, ta sake yi, na kasa ganewa, har ta yi fushi ta juya min baya.